Bikin Waliyyi Andarawus na Amalfi: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara, da zarar watan Yuni ya kama, wayata ba ta samun hutu. 'Yan'uwanmu mazauna Napoli da Castel Volturno a nan Italiya, da waɗanda ke gida suka ci karo da wani gajeren bidiyo na ƙarti suna sheƙa gudu a kan matakala ɗauke da wani abu mai ƙyalli, kowa sai ya aiko da tambaya, kuma tambayoyin nan ba sa canjawa. Na daɗe ina zaune a Salerno, na halarci bikin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na tattara amsoshin a nan ne domin duk wanda ya sake tambayata in tura masa wannan rubutu in huta.

Yaushe ake yin bikin?

Ranar 27 ga Yuni. Ba a ɗaga shi zuwa Lahadi don a daidaita da ranar hutunka.

Ina ne Amalfi?

Ƙaramin gari ne a bakin teku, a yankin Kampaniya na kudancin Italiya, ƙarƙashin lardin Salerno, kuma mazaunansa ba su wuce 5,000 ba. An maƙale shi ne a bakin wani kwari tsakanin duwatsu da ruwa. Ka riƙe wannan bayani, domin shi ne tushen duk wahalar da zan yi magana a kanta nan gaba.

Ana biyan kuɗin shiga?

Ba a biya. A titi ake yin bikin, kuma titi na kowa ne. Wanda ya ce maka yana da tikitin kallon bikin zai sayar maka, ɗan damfara ne. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne ziyartar farfajiyar babban cocin da gidan kayan tarihinsa, wannan kuwa harka ce dabam.

Wane ne Andarawus ɗin, kuma ɗan garin ne?

Ba ɗan garin ba ne, bai ma taɓa taka shi yana raye ba. Masunci ne daga Betsaida a ƙasar Galili, ɗan'uwan Bitrus, kuma ɗaya daga cikin almajirai goma sha biyu na Yesu Almasihu. Riwayar Kirista ta ce an kashe shi a Patras ta ƙasar Girka, a kan gicciye mai siffar harafin X. An kai ƙasusuwansa Kustantiniya, birnin da yanzu ake kira Santambul, a ƙarni na 4. Bayan da mayaƙan Yammacin Turai suka wawashe birnin a 1204, wani babban limamin Katolika ɗan Amalfi mai suna Pietro Capuano ya ɗauko ƙasusuwan ya kawo su garinsu, suka iso ranar 8 ga Mayu, 1208. Tun daga lokacin suna ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na babban cocin. Garin masunta da matuƙan jirgi ya samu waliyyi masunci, ba sai an yi dogon bayani kan yadda jininsu ya haɗu ba.

To ai na karanta cewa 30 ga Nuwamba ce ranarsa.

Ka karanta daidai, kuma Amalfi tana yin bikin wannan ranar ma. Ta Yuni kuwa tasu ce su kaɗai, tana da nata dalili. A ranar 27 ga Yuni, 1544, jiragen yaƙin Hairuddin Barbarosa, babban kwamandan ruwa na Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, ba ta Sakkwato ba, an taɓa yi mini wannan tambayar ma) suka ɓullo a gaban gaɓar Amalfi da Salerno. Mutanen garin sun san abin da zuwan irin wannan runduna yake nufi: ƙona gidaje da kwasar bayi. Sai guguwa ta taso a teku a tsakiyar bazara, lokacin da ba a saba ganinta ba, ta tarwatsa jiragen, aka juya ba a sauka ba. Mutanen Amalfi suka ce waliyyinsu ne ya roƙa musu tsira. Mutanen Salerno kuma suka ce nasu ne, wato Matiyu, wanda su ma suke riƙe da ƙasusuwansa a babban cocinsu. Tsoron ba na banza ba ne, domin 'yan makonni bayan haka rundunar ta faɗa wa tsibirin Lipari ta kwashe mafi yawan mutanensa.

Ashe ke nan bikin murnar cin galaba a kan Musulmi ne?

Wannan tambayar ce ta fi ɓata mini rai, saboda yawanci mai yin ta ya riga ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe baki. Da farko dai, ba a gwabza yaƙi ba, balle a ce an ci wani. Iska ce ta taso. Na biyu, Barbarosa yana kan hanyarsa ta komawa gida ne daga Faransa, inda rundunarsa ta yi hunturu a tashar Toulon a matsayin abokiyar ƙawancen Sarkin Faransa, Kirista ɗan Katolika, a yaƙin da yake yi da sarkin da ke mulkin Sifen da Napoli, shi ma ɗan Katolika. Rigimar sarakuna ce da neman ganima, talakan bakin teku kuwa shi ne ciyawar da giwaye ke takawa.

Sannan wanda ya san tarihin Amalfi ba zai yi saurin kiranta garin ƙin Musulmi ba. Tun daga ƙarni na 9 garin ya tsaya da ƙafarsa, kuma da cinikin Masar da Tunusiya da Sham ya yi arziki. Ibn Hauƙal, matafiyin Bagadaza na ƙarni na 10, wanda ya yi rubutu a kan Audagust, tsohon garin fatake na Sahara, da tsohuwar daular Gana, ya ambaci Amalfi a matsayin garin da ya fi wadata a wannan yanki. Kuɗin zinaren da garin ya riƙa bugawa, mai suna tari, kwaikwayon rubu'in dinarin daular Musulunci ta Faɗimiyawa ne, har da rubutu mai kama da na Larabci a jikinsa. Sana'ar yin takarda da garin ya shahara da ita ta hannun Larabawa ta iso musu. Idan ka shiga farfajiyar cocin da aka gina tsakanin 1266 da 1268, wadda suke kira Farfajiyar Aljanna, ka ga bakan gininta suna saƙe da juna, za ka rantse a wani tsohon masallacin Magrib kake. A duk zuwan da na yi ban ji an zagi Musulmi a wurin bikin ba. Abin da na gani shi ne tsofaffin mata suna hawaye da masunta suna roƙon shekara mai albarka.

Me ake yi a ranar?

Da rana ana addu'o'i a coci, 'yan badujala suna zagaya gari, an ƙawata tituna da fitilu masu launi, masu sayar da alewa da gyaɗa da kayan wasan yara sun baje kolinsu. Da yamma, bayan babbar addu'a, sai a fito da mutum-mutumin waliyyin, wanda aka ƙera da azurfa daga kai zuwa ƙirji, a ɗora shi a kan katako mai sanduna, maza su saɓa a kafaɗa. Mutanen garin suna kiransa 'o viecchio a harshensu na Napoli, ma'ana tsoho, kamar yadda za ka ce wa kakanka. Ana zagayawa da shi cikin gari, babban bishop da limamai da hukumomi suna biye, a gangara bakin ruwa a sa wa teku da jirage albarka, masunta kuma su kawo kyautar kifi. Daga nan sai a dawo dandalin coci domin abin da ka gani a bidiyo. Can cikin dare kuma a yi wasan wuta a kan teku.

Shi gudun fa, mene ne ma'anarsa?

Babban cocin yana bisa tudu, kuma daga dandali zuwa ƙofarsa akwai matakala kimanin 60, masu faɗi, masu tsayi. Masu ɗaukar mutum-mutumin sukan tsaya a ƙasa su daidaita kafaɗu, 'yan badujala su canja kiɗa, jama'a su dare gida biyu, sai su ɗiba a guje su haye da shi har sama ba tsayawa, da nauyin azurfa da katako a kansu. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ga jafi ranar hawan salla ya san irin wannan yanayi: dogon jira, ƙasa ta girgiza na ɗan lokaci, sai ihu da tafi. Mutanen garin suna ɗaukar isa sama lafiya a matsayin alamar shekara mai kyau. Ko minti ɗaya gudun ba ya cikawa. Idan ka sunkuya kana neman wayarka a aljihu, ka yi asarar kuɗin motarka.

A ina zan tsaya?

A dandalin, wajen maɓuɓɓugar ruwan nan mai mutum-mutumin waliyyin, inda kake fuskantar matakalar. Ka je da wuri, tun kafin jerin gwanon ya dawo daga bakin ruwa, domin daga baya ba masaka tsinke. Kada ka tsaya a tsakiyar matakala don ɗaukar hoto. Mutanen da ke tahowa a guje da wannan nauyi ba su da birki.

Gunki ne suke bauta wa?

'Yan Katolika za su ce maka a'a: Allah suke bauta wa, waliyyi kuwa girmama shi suke yi, suna neman ya yi musu roƙo. Kana iya yarda da wannan bayani, kana iya ƙi, amma kada ka tsaya a dandalin mutane kana kiran abinsu gunki da ƙarfi don kana ganin ba mai jin Hausa. Yanayin fuska ba ya bukatar tafinta.

Ya halatta Musulmi ya je kallo?

Ni ba malami ba ne. Ka tambayi malaminka tun kana gida, ba ni ba, kuma ba bayan ka sayi tikitin jirgi ba.

Zan iya zuwa in kalli komai har wasan wuta, in koma Salerno ko Napoli a daren?

To, a nan ne zan daɗe, domin wannan ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi, amma ita ce ta ƙarshe da ke zuwa wa mutane, galibi da tsakar dare suna tsaye a bakin titi. Amsar ita ce mai yiwuwa ne, amma ya danganta da abubuwa da yawa waɗanda ba a hannunka suke ba.

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Amalfi. Iyakarsa Salerno, ko ƙaramar tashar Vietri sul Mare da ke kusa da ita. Daga nan hanya biyu ce: ruwa ko titi. Jirgin ruwa daga Salerno yana ɗaukar minti talatin da wani abu, kuma don zuwa ba abin da ya fi shi: ba cunkoso, ba jiri, ga garuruwan gaɓa kana kallo ɗaya bayan ɗaya. Matsalarsa ita ce jiragen yau da kullum suna gama aiki da yamma, alhali a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, wasan wuta kuwa sai dare ya yi nisa. Akan samu jiragen musamman na daren biki a wasu shekaru, waɗanda ke komawa bayan an gama wuta, amma ba abin da za ka ɗauka tabbas ba ne tun daga gida. Sai ka je rumfar tikiti a tashar Salerno 'yan kwanaki kafin ranar ka tambaya da bakinka, idan akwai ka sayi na komawa a take. Ko da tikitin a hannu, idan teku ta yi fushi ba jirgin da zai tashi. Garin da yake bikin guguwar da ta taso a watan Yuni ba zai yi maka alkawarin ruwa zai kwanta ba.

Titin kuwa ɗaya ne tal, mai lamba 163, an sare shi a jikin dutse, yana lanƙwasa kamar maciji, kuma a wurare da dama bas biyu ba sa iya gilmawa sai ɗaya ta ja baya. Tsakanin Salerno da Amalfi kilomita 25 ne ko kusa da haka, amma bas tana cin fiye da awa guda a ranar da ba biki. Ka sayi tikitinka na zuwa da na komawa tun da rana a shagon taba ko na jarida, domin da dare suna rufe. Ka duba lokacin motar ƙarshe a jadawalin wannan shekarar, ba na bara da wani ya turo maka hotonsa ba. Kuma ka sani cewa duk wanda ke tsaye kusa da kai a bakin ruwa yana kallon sama, motar nan guda yake hari. Na taɓa cewa bari in ga tartsatsin ƙarshe tukuna, na ƙare da zama a kan dakali a bakin teku har gari ya waye, da rigar shan iska, ina jin sanyin asuba yana ratsa ni. Laifina ne, ba na kowa ba.

Wanda ke da motar kansa zai ga kamar ya tsira. Bai tsira ba. Wurin ajiye mota a Amalfi kaɗan ne, yana da tsada, kuma yana cika da wuri, har da babban wurin nan da aka haƙa cikin dutse tsakanin Amalfi da Atrani. Tun daga 2022 hukuma ta kawo tsarin taƙaita shiga titin a lokutan cunkoso bisa ga lambar ƙarshe ta mota, mara ko cika, daga safe zuwa yamma, kuma ranakun da tsarin ya shafa suna iya canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka sai ka bincika kafin ka tayar da mota. Ana kuma tsayar da zirga-zirga a tsakiyar gari lokacin jerin gwano. Idan Napoli za ka koma, akwai hanyar da ke hawa dutse ta Agerola, akwai kuma wadda ke tashi daga Maiori ta haura ta Chiunzi, dukansu sun fi sauƙin cunkoso, amma tuƙi ne na kwana-kwana cikin duhu, ba na wanda ya yini a tsaye yana gyangyaɗi ba. Tasi tana nan, kuɗinta kuwa zai iya cinye albashin kwanaki. Idan ku huɗu ne kuka raba, da dama-dama, amma ku gama ciniki kafin ku shiga.

Saboda haka ga shawarata, kuma shawara ce kawai. Idan da iyali kake, ko da safe kana da aiki, ka zo ta ruwa da rana, ka ga jerin gwano da gudun, ka haƙura da wasan wuta, ka kama hanya kafin taro ya watse. Ko a hakan ma ka tabbatar akwai motar da za ta kwashe ka bayan gudun, domin shi ma ba da wuri ake yin sa ba. Idan kuwa wutar ce ta kawo ka, ka nemi ɗaki tun watanni kafin lokacin, a Atrani da ake zuwa da ƙafa cikin 'yan mintoci, ko a Minori ko Maiori, ko can sama a Agerola inda farashi ya fi sauƙi, ka kuma tambayi mai masaukin yadda za ka iso wurinsa da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu guda ne ba zan sassauta a kansa ba: kada ka ce za ka taka zuwa Maiori ko Salerno a gefen titin nan da dare. A mafi yawan tsawonsa ba shi da hanyar masu ƙafa, gefe guda dutse ne, gefe guda rami ne har teku.

'Yan sanda suna tare baƙar fata?

Jami'an tsaro suna da yawa a ranar, amma taro suke kula da shi. Ka riƙe takardar zamanka ko fasfo a jikinka kamar yadda doka ta ce, ka kwantar da hankalinka. Garin ya saba da baƙi daga ko'ina cikin duniya, kai ba abin kallo ba ne. Aljihunka za ka kula da shi a cikin turmutsutsu.

Me zan ci wanda ba alade, ba giya?

Kifi. A garin masunta kake. Akwai soyayyen ƙananan kifi da ake zubawa a ƙunshin takarda, akwai taliyar garin mai kauri da suke kira scialatielli, wadda ake haɗawa da kayan teku, sai dai a wasu wuraren ana zuba farin ruwan inabi mai sa maye a miyar, don haka ka tambaya. Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne wajen kayan zaƙi. Ruwan nan mai launin ɗorawa da ake miƙa maka a ɗan ƙaramin kofi a ƙofar shago kyauta, limoncello ne, giya ce mai ƙarfi da aka yi da ɓawon lemun tsamin yankin, ba lemon kwalba ba ce. Ana sa ta a wasu kek ɗin lemun tsami ma. Sfogliatella kuwa, wadda ke da ɓawo mai ƙaras-ƙaras, a al'ada da kitsen alade ake yin ta. Kalmar da za ka haddace ita ce strutto, kitsen alade ke nan; ka nuna abin ka faɗe ta da sigar tambaya, za a gaya maka gaskiya. Ƙanƙarar lemun tsami da ake sayarwa a titi, wadda suke kira granita, ruwa ce da sukari da lemo.

Akwai wurin salla?

Kada ka sa ran samun masallaci a Amalfi. Ka zo da alwalarka da 'yar dardumarka, ka nemi gefe mai natsuwa can wajen tashar jirage, ba kan matakalar coci ba.

Wace irin sutura zan sa?

Wadda ka saba, in dai ta rufe kafaɗa da gwiwa idan za ka shiga coci, wannan kuwa ba matsalarmu ba ce, matsalar masu fitowa daga wanka a teku ce. Namiji ya cire hula a cikin coci. Mace ta bar ɗankwalinta ko hijabinta, ba mai ce mata komai. Ka sa takalmin da zai jure tsayuwar awanni da hawan matakala, domin rabin lungunan garin matakala ne.

An ce wani ruwa yana fitowa daga kabarin. Ana sayarwa?

Ba a sayarwa. Suna kiransa manna, ɗan danshi ne da ake tarawa a ƙaramin kasko a wurin ƙasusuwan a wasu ranaku na shekara, kuma riwayar garin ta ce a 1304 aka fara ganinsa. Abin ibadarsu ne, ba maganin ciwon baya ba ne, kuma ba zan aika wa kowa da shi gida ba.

Idan na rasa na Yuni fa?

Ka zo ranar 30 ga Nuwamba. Ana fito da tsohon, ana kuma hawa matakalar da shi a guje. Baƙi sun ragu, ɗaki ya yi araha, za ka samu wurin tsayawa a dandali ba tare da an taka maka ƙafa ba. Sai dai yawancin jiragen ruwa sun daina aiki a lokacin, bas za ka hau, kuma ka zo da rigar sanyi da laima.